Wurare bakwai a yini guda: amsa ga sakatariyar da ƙungiyarta ta dawo gida da ƙorafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar ƙungiyar unguwarmu. Mukan ɗauki bas mu je wani tsohon birni mu kalli wuraren tarihi, mu dawo a ranar. Mu kusan 40 ne, da dattawa, da masu goyo, da yara 'yan makaranta. A tafiyar da ta wuce na tsara wurare 7, amma 4 kawai muka samu gani, muka dawo cikin dare kowa yana cika yana batsewa. Wasu har sun ce ba za su ƙara ba da kuɗinsu ba. A ina na yi kuskure, kuma yaya zan tsara ta gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya sakatariya, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Ina karanta tambayarki ina murmushi, don ni ma lokacin da na fara jagorantar irin wannan tafiya da dogon jeri na fara, kuma abin da ya same ki shi ya same ni. Aikin nan da kika ɗauka tsohon aiki ne mai asali. Kamfanin yawon buɗe ido na Thomas Cook da ya yi suna a duniya, daga tafiyar ƙungiya ta yini guda ya samo tushe. Ranar 5 ga Yuli, 1841, mutumin ya kwashi kusan mutum 500, 'yan ƙungiyar yaƙi da shan giya, a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila, tafiyar mil 11 kacal, suka juyo a ranar. Wuri guda fa ya kai su.

Kuskurenki ba a ranar tafiyar ya faru ba, ya faru ne tun ranar da kika zauna da biro da takarda kika rubuta 7. Wanda ya zagaya da mutum 40 wuri huɗu a yini guda ai ya yi ƙoƙari. Bari mu buga lissafin tare ki gani.

Mu ƙaddara kun tashi ƙarfe 7 na safe, kuna son ku dawo 7 na yamma. Awa 12 ke nan a takarda. In birnin tafiyar awa 2 ne, zuwa da dawowa sun lashe 4, saura 8. Ba a tashi a kan lokaci, dole a samu wadda za ta ce ga ta nan a bakin titi alhali ko takalmi ba ta sa ba, to cire rabin awa. Abincin rana da salla da ɗan miƙe ƙafa, awa ɗaya da rabi. Saura awa 6 cif. Wuri 7 yana nufin bas zai tashi sau 6 a tsakaninsu, ko minti 15 kowane tashi ya ci, awa ɗaya da rabi ta tafi, ban ma sa cunkoson hanya ba. A kowane wuri kuma sai mutum 40 sun sauko ɗaya bayan ɗaya ta ƙofa guda, a jira mai sanda, a jira mai goyo ta gyara goyonta, a taru a shiga. In an fito a sake tattaro su, a nemo yaron da ya tsaya wajen masu sayar da tsaraba. Minti 20 ne mafi ƙaranci, sau 7, awa 2 da minti 20 ke nan. Sai banɗaki, wanda mai tsara tafiya ba ya tunawa da shi sai ya ga layi: mutum 40, ƙofa 3, kowa minti 2, kusan rabin awa, kuma aƙalla sau biyu za a yi. Abin da ya rage na kallo bai kai minti 80 ba. Raba shi gida 7, kowane wuri ya tashi da minti 11. Kin ga ko da komai ya tafi daidai, mutanenki hawa da sauka suka biya kuɗi su yi.

Yanzu juya lissafin. Wuri 3 da suke kusa da juna, waɗanda ake taka wa da ƙafa. A sauka sau ɗaya, a hau sau ɗaya. Ko kin ware minti 40 na tattaki tsakaninsu, kin cire na banɗaki, za ki tarar da sama da awa 4 a hannunki. Kowane wuri ya samu fiye da awa guda, har da sararin zama.

Ba lokaci ne kaɗai yake ƙarewa ba, ido ma yana ƙoshi. Masu aikin gidajen tarihi sun daɗe da sanin wannan. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan adana kayan fasaha na birnin Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya sa aka ɗauki hotunan wani mutum yana ƙoƙarin kallon kayan da aka jera: nan ya sunkuya, nan ya durƙusa, nan ya yi ɗage yana miƙa wuya. Da hotunan ya nuna cewa kallo aiki ne da yake cin jiki. Wani bincike da aka yi a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York a 2001 kuma ya gano cewa abin da mai kallo yake ɗauka a gaban fitaccen zane, in aka yi matsakaici, daƙiƙa 27 ne. Ni a abin da na gani da idona, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci a cikin gini ɗaya, rukuni yakan daina kallon bango ya koma neman benci. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka wurin da ya fi nauyi, wanda ya fi bukatar natsuwa da tsayuwa, shi ake sawa da safe. Na bayan abinci ya zama mai sauƙi, mai iska, mai wurin zama.

To yaya za ki zaɓi ukun? A nan ne nake son in daɗe, don nan ne yawancin masu tsarawa suke kauce hanya. Sukan ɗauko sunayen da suka fi shahara su jera, a ga fada, a ga hasumiya, a ga gidan tarihi, kowanne zaman kansa yake yi. Mutum ya dawo gida an tambaye shi me ya gani, ya ce gine-gine. Abin da yake sa ziyara ta zauna a ƙwaƙwalwa shi ne zaren labari guda da ya ɗinke wuraren, tambaya ɗaya da za ki jefa wa mutane tun a cikin bas, su yini suna neman amsarta. Daga ina mutanen birnin nan suke samun ruwa a da? Wa yake shiga ta wace ƙofa, kuma wa ake tsayarwa? Ina marar lafiya yake zuwa, ina yaro yake karatu?

Bari in ba ki misali da titin Al-Mu'izz na tsohuwar Alƙahira, ba don can za ku ba, sai don ki ga yadda ake ɗinkin. Titin bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, ya taso daga Bab al-Futuh a arewa, ƙofar da aka gina a 1087, ya dire a Bab Zuwaila a kudu, ta 1092. Gine-ginen tarihin da ke kansa sun fi ƙarfin yini guda, wanda ya ce sai ya leƙa kowanne zai fito bai riƙe ko ɗaya ba. Amma ki ɗauki tambaya ɗaya: me masu mulki da masu dukiya suka gina wa talaka a kan wannan titi? Nan take uku za su fito da kansu. Ga ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabari da asibiti. Ga makarantar ɗansa, An-Nasir Muhammad, a manne da shi. Ga kuma, 'yan taku kaɗan, sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda na 1744, ɗan ƙaramin gini a tsakiyar mararrabar titi: ƙasa ɗakin ruwa ne mai manyan tagogi na ƙarfe, inda mai wucewa yake miƙa hannu a ba shi ruwa kyauta, sama kuma ɗaki ne buɗaɗɗe mai shan iska inda yara suke karatun Alƙur'ani. Na taɓa tsayawa da rukuni a gaban tagar nan, wata dattijuwa ta kama ƙarfen da hannu biyu tana leƙa ciki, ta ƙi matsawa, tana ta tambayar ta ina ake kawo ruwan, su wa suke ɗaukowa, wa yake biyan mai rabawa. Da ina da wuri huɗu a gaba da na janye ta. Da yake ba ni da su, sai sauran suka zagaye ta, hira ta ɓarke kan rijiyoyi da 'yan garuwa, har yaran suka shigo ciki da tambayoyinsu.

Kuma wuri in an ba shi lokaci yakan buɗe abin da mai sauri ba zai gani ba. Ƙofar makarantar An-Nasir ɗin nan, wanda ya tsaya ya dube ta da kyau zai ga ba ta yi kama da maƙwabtanta ba. Daga wani coci na 'yan Salibiyya, wato mayaƙan Kirista da suka zo daga Turai, a birnin Akka aka ciro ta bayan an ci garin a 1291, aka kawo ta Alƙahira. Wannan An-Nasir ɗin kuwa shi ne yake kan gadon mulki lokacin da Mansa Musa na Mali ya ratso birnin a 1324 a hanyarsa ta aikin hajji. Ki faɗa wa yaro ɗan makaranta wannan a gaban ƙofar, ya riƙe har abada. In da sauran ƙarfi a ƙarasa Bab Zuwaila, inda aka rataye Tuman Bay, sarki na ƙarshe a daular Mamaluka da ta mulki Masar, a 1517. In babu ƙarfi a bar ta. Kowane tsohon birni yana da irin wannan lungu da wurare suka taru, don mutanen da ba su da mota ne suka gina shi, komai a tazarar ƙafa suka ajiye.

In kin zaɓi ukunki, abu na gaba shi ne ki je da kanki kafin ranar. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ya fi intanet. Ki je a irin ranar makon da za ku je, a irin lokacin, ki ɗauki mutum ɗaya cikin masu tafiya a hankali na ƙungiyar, ki bar shi ya yi gaba ki bi bayansa da agogo. Tafiyarsa ita ce ma'aunin tafiyar ƙungiya, ba taki ba. Lafiyayyen babba yakan ci kilomita 5 a awa, rukuni mai dattawa da yara da ƙyar ya ci rabin haka. A wannan zuwan ba tarihi kika je kallo ba. Matakala kika je ƙirgawa, da duba ko tana da abin dafawa. Ki ga ina inuwa take da tsakar rana, ina benci, ƙofofin banɗaki nawa ne kuma ko suna da ruwa, ko keken guragu zai bi daɓen duwatsun nan, ina asibiti mafi kusa. Hawa musamman shi ne yake raba rukuni biyu. Ƙubbar cocin Saint Peter a Vatican matakala 551 ce, ko an hau na'urar ɗaga mutane akwai sauran 320 da ƙafa. Irin wannan ba a hana matasa, amma sai an tanadar wa waɗanda ba za su hau ba wurin zama mai kyau da abin kallo a ƙasa, da mutum ɗaya da zai zauna da su, don kada su ji an jibge su kamar kaya.

Ki kuma tambayi inda bas yake tsayawa, don tsoffin birane ba a gina su domin bas ba. Tsohon birnin Fas na Maroko mota ba ta shiga lungunansa, jakuna da alfadarai ne suke dakon kaya, mai kora yana ihun "balak" a kauce. A wurare da yawa direba zai sauke ku a wani gefe, ya tafi ya yi fakin a nesa, ya dawo ɗaukarku a wani gefen daban. Kada ki taɓa ce wa mutane "mu haɗu a ƙofa" a birni mai ganuwa. Wace ƙofar? Ki faɗi sunanta, ki ɗauki hotonta a zuwanki na farko, ki tura wa kowa a waya, ki kuma rubuta sunan da lambarki a 'yar takarda ki sa wa kowane yaro da kowane tsoho a aljihu.

Batun ranakun rufewa da tikiti kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wuri da ranar hutunsa, kuma ba ɗaya ba ce. Gidan tarihi na Louvre a Faris Talata yake rufewa, haka fadar Topkapi a Istanbul, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma Lahadi. Gidan zane-zane na Uffizi a Florence ta Italiya, Litinin. Gidajen tarihin Vatican a rufe suke ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata. Sannan shekarun nan wurare masu yawan baƙi sun koma tikiti mai ƙayyadadden lokaci. A Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta birnin Garnaɗa a Sifaniya, lokacin shiga fadojin Banu Nasr a rubuce yake a jikin tikiti, wanda ya makara ya rasa. Akropolis, dutsen tsoffin gine-gine na birnin Atina a Girka, ya sa iyakar mutum 20,000 a rana tun Satumbar 2023, ana shiga awa-awa. Kufan tsohon garin Pompeii a Italiya ya bi sahu da wannan adadin a Nuwambar 2024. Hukumar birnin Venis a Italiya kuma tun Agustan 2024 ta hana rukuni ya wuce mutum 25, ta hana 'yan jagora amfani da lasifika. Ƙungiya mai mutum 40 irin taku, a can dole ta rabu biyu. Ko wurin da za ku ƙarami ne da babu irin waɗannan dokoki, ki buga waya ki sanar da su adadinku da ranarku. Sau da yawa a nan ne ake jin akwai rangwamen rukuni, ko na ɗalibai da dattawa, ko ana gyara a ɓangaren da kuka fi so, ko wata makaranta ta riga ta kama wannan safiyar da yara ɗari. In tikiti mai lokaci ne, kada ki sa shi farkon isowa. Ki bar aƙalla minti 45 tsakanin lokacin da kike zaton isa da lokacin da ke jikin tikitin, kuma ya zama akwai abin kallo kyauta a kusa da za a cike gurbin da shi in an iso da wuri.

Za a ce miki ku bari sai ranar da ake shiga kyauta, kamar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya da ake yi tun 1977, wadda wurare da yawa suke buɗe ƙofa a cikinta. Ga mutum ɗaya ko biyu dabara ce. Ga mutum 40 masu dattawa ni ban ba da shawara ba, don ranar kowa yake zuwa, abin da kuka tsira da shi na kuɗi za ku biya shi da tsayuwa a layi. Gara ki nemi wuraren da kullum kyauta suke, irin su British Museum a Landan ko gidajen Smithsonian a Washington, da ganuwa da dandali da tsoffin unguwanni waɗanda ba su da mai karɓar tikiti.

Yawancin tsoffin gine-ginen da suka fi kyau wuraren ibada ne da har yanzu ake ibada a ciki, kuma masu ibadar ne masu wurin, ku baƙi ne. Masallacin Sultan Ahmed a Istanbul yana dakatar da masu kallo a lokutan salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Aya Sofiya da ke fuskantarsa, wadda aka kammala a 537, ta koma masallaci a 2020, tsarin shigarta ya canza. A cocin Saint Peter ba a barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga. Ki faɗa wa mutanenki ƙa'idar wurin tun a gida, ko wurin addininsu ne ko na wasu: sutura, cire takalmi, rage murya, inda ba a ɗaukar hoto. Cire takalmin mutum 40 da sake sawa ma minti goma ne, ki sa a lissafi.

Sai ɗan jagora. Mai kyau yana ɗaga tafiya, marar kyau yana kashe ta, kuma marar kyan ba jahili ba ne, yawanci wanda ya san abu da yawa ne ya rasa wanda zai bari. Ya tsayar da mutane a rana minti 25 yana jero sunayen sarakuna da shekaru. Ki zauna da shi kafin a fara, ki faɗa masa tambayar da kuka zo da ita, da su wa ke cikin rukunin, ki ce kowace tsayuwa kada maganarsa ta wuce minti 5 zuwa 7, a inuwa, bayan na ƙarshe ya iso. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don galibi jagora yakan fara magana da zarar na gaba-gaba sun taru, dattawan da suka fi kowa son ji su iso ana rufewa. Murya ɗaya ba ta isar mutum 40 a titi, ku rabu biyu ko da doka ba ta tilasta ba. Abu ɗaya kuma da nake matsa wa kowane jagora: ya bambance abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa. Almara tana da daɗi, a ba da ita, amma a ce almara ce. Haka kuma ya faɗi gaskiyar shekarun gini. Bab Bu Jalud, shuɗiyar ƙofar Fas da kowa yake ɗaukar hoto a gabanta, a 1913 aka gina ta. Babban masallacin ƙasa na Jenne a Mali, wanda yake tsaye yanzu na 1907 ne, a kan gurbin tsohon. Tsohon garin Warsaw kusan gaba ɗaya sake gina shi aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1980 tana sane da haka. Faɗin wannan ba ya rage wa wuri daraja, sau da yawa labarin sake ginin ya fi na ginin farko kama zuciya.

Yanzu ƙirga mutane, wanda a kansa na taɓa jin kunyar da ban manta ba. Mun gama da wuri na biyu, na hau bas na ɗaga murya na ce kowa ya shigo? Aka amsa da ƙarfi, e. Muka tashi. Sai da muka yi tafiyar kusan minti goma wani yaro ya ce jakar Baba tana nan amma Baba ba ya nan. Na kira wayarsa, sai ga ta tana ƙara a cikin jakar. Kafin direba ya samu wurin juyawa mu koma, na gama tsufa. Muka tarar da shi zaune a kan dakali a inuwar soro, hularsa a gwiwa, shi da mai gadi suna ta hira, bai ma san an tafi ba. Tun ranar na daina wannan tambayar, don wanda ba ya nan ba ya amsawa. Ki kasa mutanenki kashi-kashi, biyar ko shida, kowane kashi da shugabansa da sunayen mutanensa a rubuce. Kafin bas ya motsa kowane shugaba ya ce nawa sun cika, yana kallon fuskokinsu. A tafiyar ƙafa kuma mutum ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, mutum ɗaya a baya wanda ba ya wuce kowa. Ke ki zama ta bayan, ko ki sa wanda kika fi yarda da shi, don duk matsala a baya take faruwa. Kowane yaro a san babban da yake hannunsa da suna. "Muna dubansu gaba ɗaya" yana nufin babu mai dubansu.

Ki tambayi kowa a asirce, kafin ranar, ko yana da larurar da ya kamata ki sani: ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon gwiwa. Mai ciwon suga ba ya jiran abincin da aka ɗaga daga ƙarfe 1 zuwa 3 don a ƙarasa wani wuri, saboda haka lokacin abinci ba a taɓa shi. Ruwa ya wadata. Zafi kuma ba abin wasa ba ne a wuraren da suke dutse ne tsura babu inuwa, hukumomin Girka da kansu sun rufe Akropolis da tsakar rana a lokacin tsananin zafin Yulin 2023.

Direba ma mutum ne. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce bayan tuƙin awa 4 da rabi sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa 9 a rana. Ko inda kuke babu mai bin diddigin wannan, ma'auni ne mai kyau, don dawowar dare da gajiyayyen direba ita ce haɗari mafi girma a duk tafiyar. Ki ba shi jadawalin a rubuce, ki sa shi cikin lissafin abinci, ki kuma tsayar da lokacin juyowa wanda ba ya canzawa ko me ya rage ba a gani ba.

Na kuɗi ba zan ja ba. A faɗa wa kowa abin da kuɗinsa ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, a rufe karɓa kwanaki kafin tafiya, a sanar tun farko ko wanda ya fasa za a mayar masa, a ɗora ɗan kaso na ko-ta-kwana, bayan an dawo ma'aji ya karanta abin da aka kashe da rasit a hannu. Rabin ƙorafin da ake yi kan tafiya, in kin tona, na kuɗin da ba a yi bayaninsa ba ne.

Abin da nake roƙonki kada ki yanke, ko lokaci ya matse, shi ne awa guda ta sakewa kafin a juyo. A nuna iyaka, daga nan zuwa can, a faɗi wurin haɗuwa da lokaci, a saki mutane. Mai sayen tsaraba ya saya, mai son komawa ya sake kallon wani abu ya koma, mai son zama ya zauna. 'Yan ƙungiyar unguwa ba ɗaliban tarihi ba ne, rabin abin da ya fito da su shi ne su yini tare a wani wuri da ba gida ba. Maƙwabtan da shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninsu, a kan benci irin wannan suke fara hira ta gaske.

Waɗanda suka ce ba za su ƙara biya ba, kada ki bi su da lallashi. Ki ɗauki wanda ya fi kowa ƙorafi cikinsu ki tafi da shi zuwan share fage, ki ba shi agogon ya riƙe, shi zai tsaya a taro ya kare tsarin fiye da ke. Sannan ki buɗe taswira ki dubi wurare ukun nan da ba ku samu gani ba wancan karon. In suna kusa da juna, to da su za ku fara. In sun warwatsu, ki ɗauki wanda aka fi jin haushin rasa shi, ki nemo biyu a kewayensa da ƙafa za ta kai, sauran biyun ki rubuta su a shafin tafiya ta uku.